Katin jirgin ƙasan Dubai: a taɓa wajen fita

Alhazan Maradi masu zuwa sarin kaya Dubai, ku kula da katin Nol, na biyan kuɗin jirgin ƙasan cikin gari, wanda ya fara aiki a 2009. Sau biyu ake ɗora shi kan na'ura, wajen shiga da wajen fita. Na biyun ne ke shaida inda ka sauka. In babu shi, kuɗin tafiya mafi tsawo za a cire maka, ko da tasha ɗaya ka yi. Haka katin Oyster yake a jiragen ƙasan Landan.

Abin yana damuna, don mu nan sabonmu daban ne: ka sauka daga kabu-kabu, ka miƙa kuɗi hannu da hannu. Baƙo mai niƙi-niƙi da kaya shi ke mantawa, musamman inda babu ƙofar da za ta tare shi. Ku aje kayan tukuna, ku taɓa katin.