4 bisa 20

4 bisa 20 na ba ta a jarrabawar farko, da jan bik, har na ja layi biyu a ƙasa. Yarinya ce ƴar turwaziyam, ajin ƙarshe da ke zana BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, a kwalejin da nake koyar da tarihi da labarin ƙasa nan Damagaram. Sanƙarau ya kama ta tun tana firamare. Ta tashi, amma kunne bai tashi da ita ba: na dama ya mutu sarai, na hagu sai an matso an ɗaga murya. Na san da haka tun buɗe lakwal, don mahaifiyarta da kanta ta zo ta ce, "Mushe, don Allah a zaunar da ita gaba." Na zaunar da ita gaba, na ɗauka na sauke nauyi.

Duk wanda ya yi kwaleji a ƙasar nan ta Nijar ya san halinmu. Malami ya yi bayani, ya ce a buɗe kaye, ya yi ta shifta da Faransanci yara na rubutawa, ranar jarrabawa su maido masa abinsa kalma da kalma. Ni har tambayoyin ma da baki nake faɗa, saboda kuɗin takarda. Ina faɗa ina yawo tsakanin tebura, wani lokaci na ba su baya ina goge allo. Ita kuwa bakina take kallo. Da na juya, maganar ta yanke mata.

Tambayar ranar ita ce dalilan da suka sa Faransawa suka ci Damagaram a 1899. Amsar da nake jira ba ta wuce kisan da aka yi wa hafsansu Kyaftin Cazemajou a Damagaram a 1898 da kuma burinsu na kaiwa Tafkin Cadi ba. Ita ba ta taɓo ko ɗaya ba. Sai da dare, ina sake duba takardun, na karanta tata da natsuwa. Ta rubuta faɗan Tirmini, ta rubuta yadda aka kashe Sarki Amadu Kuren Daga, ta ce garin ya zama mazaunin mulkin Turawa har aka mayar da shi Yamai a 1926. Babu kuskure ko ɗaya. A bayan takardar ma ta zana Birni da ganuwarsa, ga Zango gefe, ga hanya ta yi yamma zuwa Tirmini.

Na tsaya gaban madubi na ce "causes", na ce "conséquences". Kowa ya gwada ya gani: leɓe iri ɗaya yake zagayewa a farkonsu. Na tambayi dalili, idonta ya karanta sakamako, ta kuwa amsa shi tsaf. Ashe wannan 4 ɗin kunnenta na ba, ba iliminta ba.

Daga nan na daina faɗar tambaya da baki. Kome a allo, da manyan baƙaƙe, kuma ba a fara ƙirga lokaci sai na ajiye alli. Na yanyanka kwalin sukari na rubuta abubuwa a kai: Sarki Tanimun da ginin ganuwa, 1898, 1899, 1926, kafa jamhuriya a 1958, ƴancin kai a 1960. Yaro ya jera su bi da bi, ya zaɓi biyu ya rubuta yadda ɗaya ya jawo ɗaya. A labarin ƙasa kuma na zana taswirar jihar Damagaram babu suna ko ɗaya, kowa ya kwafa ya sa Magariya, Matamai, Miriya, Gure da Tanut, ya nuna inda damina ta fi albarka, ya faɗi abin da ya sa kudu ta fi noma, arewa ta fi kiwo. Makin ma na raba shi: 14 na abin da yaro ya sani, 6 na kyan Faransancinsa. Ba ita kaɗai na yi wa haka ba, duk ajin ne, don ba na son a ce an yi wa kurma rangwame.

Abin da ya fito ya fi ba ni kunya a kan na farko. Akwai yaron da bai taɓa sauka ƙasa da 16 a wurina ba, mai hadda kamar ruwa. Shi ne ya kai Tanut kudu da Magariya, alhali can arewa take. Da na nuna masa, bai ko ji nauyi ba, ya ce, "Mushe, ai ba ka ba mu wannan a kaye ba." Gaskiya ya faɗa. Shekara da shekaru ina auna kunne da hadda ina kiransu tarihi, kuma da ba don wadda ba ta ji ba, da har yanzu ban sani ba.

Wani abokin aikina da ya girme ni ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ranar BEPC ba kwalin sukari za a miƙa mata ba." Ban yi musu ba, don jarrabawar ta rubutu ce, da Faransanci, kuma doguwar jimla tana ba ta wuya ƙwarai. Shi ya sa kowane mako nake ba ta tambaya ɗaya irin ta BEPC ta amsa da cikakkun jimloli, in gyara. Abin dariya, baƙaƙen nan na ƙarshen kalma da Bafaranshe ke rubutawa ba ya furtawa, ta fi masu ji kiyaye su, tunda ita da ido ta koyi kalmar tun asali. Dikte kam a wurin malamin Faransanci har gobe hawaye ne, wannan ba ni da ta cewa a kai.

A jarrabawa ta biyu ta samu 13, shi kuma mai haddar 11, ya kwana biyu yana gaishe ni da ƙyar. Ni ma ban gama gyaruwa ba. In bayani ya yi daɗi sai in manta in juya ga allo ina ta zuba. Yanzu mun yi yarjejeniya: da na ba ta baya, sai ta ƙwanƙwasa tebur da bik sau biyu. Jiya sau uku ta yi mini a darasi ɗaya.