Faifan Led Zeppelin da kuɗin makaranta

Ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci ɗan ƙanwata ya miƙo min wayarsa, bakinsa har kunne. "Kawu, dubi abin da na samo." Hoton faifan garmaho ne, kundin farko na Led Zeppelin, ƙungiyar makaɗan Ingila, na 1969, bugun Ingila mai shuɗin rubutu a bango, wanda kaɗan aka buga kafin a mayar da rubutun ruwan lemo. Wani ne a intanet zai sayar masa, kuɗin kuwa na zangon karatunsa ne. Ko na'urar da zai ɗora faifan bai mallaka ba. Gabana ya faɗi, domin a ɗakina ya fara jin kiɗan nan tun yana ƙarami.

Ni a Landan abin ya kama ni, lokacin ina aikin dare a wani sito. Ƙungiyar ta riga ta watse tun 1980 bayan mutuwar mai gangarsu John Bonham, don haka babu halin in gan su ido da ido. Abin da ya rage shi ne sautin da 'yan kallo suka naɗa a ɓoye, aka buga a faifai ba da izini ba, ana sayarwa a kasuwar tsofaffin fayafai. Manajansu Peter Grant ya yi ƙaurin suna wajen farautar masu wannan sana'a, hakan ma sai ya ƙara wa kayan daraja a idonmu. Akwai wani Ba'amurke, Mike Millard, da yake shiga zauren Forum na Los Angeles a kan keken guragu da rakoda a ɓoye. Shi ya naɗi wasan 21 ga Yunin 1977. Daren da na fara saurarensa, da Bonham ya saki ganguna sai da tsigar jikina ta tashi. Har gobe ba zan ce kuɗin wannan ya tafi a banza ba.

To sauran fa? Wasannin da suka yi a zauren Earls Court na Landan a Mayun 1975, darare biyar, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya, wani ma na sake saye don kawai bangon ya bambanta. Da yawa daga abin da na tara ihun jama'a ya danne kiɗan, ban taɓa jin su har ƙarshe ba. A lokacin Inna tana aiko min da saƙo in turo a ƙarasa mata ɗaki, ni kuma ina cewa sai ƙarshen wata. Gaskiya ne albashin bai taka kara ya karya ba, kuma baƙo a ƙasar sanyi, ba dangi ba maƙwabci, dole ya sami abin da zai riƙe zuciyarsa. Wasu da muka zauna tare abin da ya fi wannan muni suka kama. Amma Allah ya yi mata rasuwa ba ta kwana a ɗakin ba, nan kam ba ni da ta cewa.

An kuma cuce ni. Bugun farko na Amurka na kundinsu na biyu, wanda injiniyan sauti Robert Ludwig ya yanka layukan sautinsa, sautinsa yana da ƙarfin da allurar ƙananan na'urori take tsalle a kansa, shi ya sa aka sake yanka shi. Alamarsa harufan RL ne da aka zana a sulɓin da ke kusa da tambarin tsakiya. Na biya kuɗin mai RL a kan maganar baki, sai a gida na ɗaga shi gaban fitila, babu komai. A 2003 kuma ƙungiyar da kanta ta fitar da wasannin Yunin 1972 da sauti tas, a kuɗi kaɗan, alhali ni na sha wahala kafin in sami mai ƙara.

Da na dawo Kano na jibge su a kwance a ɗaki mai rufin kwano. Bazara ɗaya ta ishe su. Na saman suka lanƙwashe kamar ganyen da rana ta bugi, ƙurar hunturu ta cike layukan sauran.

Ku samarin da ke sha'awar fayafan nan, na yi niyyar in rubuto muku doguwar nasiha, sai na ga ba ta da yawa. Kada ku saya. Kusan duk wasannin da na zubar wa gumi yau suna intanet kyauta, amma ku ko minti goma ba kwa iya zama ku saurara, hoton bangon kuke so ku saka a Instagram a ce kun waye. Wa ma ya san sunan mai kaɗa jitarsu a cikinku?

In kuwa zuciya ta ƙi, to saya ɗaya, don akwai abin da waya ba za ta ba ka ba. Amma na'ura tukuna da allura mai kyau, sannan sabon bugu mai araha. Kada ka biya kuɗin bugun farko sai ka ga lambobin da ke jikin faifan da idonka, bango ana iya buga na jabu. A tsaye ake ajiye shi, cikin rigarsa, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Kuɗin makaranta da na iyaye kuwa, kada hannunka ya kai kansu.