Da hannuna na cike lambatun Baba, gishiri ya cinye min gona

Ƙannena da kuka shigo noman rani kwanan nan, kowa da sabon inji ko sola da zafin nema, Allah Ya sa albarka. Amma ku ɗan ara min kunnenku, don ni shekara kusan shida na yi ina narka kuɗi a gonar da ni da kaina na kashe ta, kuma duk tsawon lokacin nan masu taki nake zagi, na zagi masu iri, wallahi har hassadar maƙwabta sai da na zarga, ashe ɓarawon yana cikin rigata.

Gonar tamu a bakin fadama take a yankin Argungu, ba can cikin kwarin da gulbi ke malale wa duk shekara ba, ta ɗan hau sama kaɗan, ƙasar laka ce, hekta ɗaya da ɗan ɗori. Marigayi mahaifina ya bar wani lambatu ta yamma inda gonar ta fi gangara, zurfinsa ya kai ƙugu, yana bi ta gefen gonar Kawu ya je ya faɗa wani tsohon kwari. Ni tun ina yaro kallon asarar fili nake masa, ba komai ciki sai ciyawa da kwaɗi.

To da Buhari ya zo Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa, kun dai san yadda jihar nan ta rikice, ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗan acaɓa kowa ya nufi fadama. Ni ma na tattaro na dawo gida, na buga burtsatse biyu, na sayi inji, na dasa shinkafa irin Faro 44. Shekarar farko abin ya yi kyau sosai. Sai kwaɗayi ya shigo. A 2017 na ɗauko yara muka cike lambatun nan tas, na samu ƙarin fangali huɗu. Muna cikin aikin Kawu ya iso da sandarsa ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Ɗana mi kaka yi haka? Wagga hanyar ruwa ta, tsohonka bai gina ta don banza ba." Na ce Kawu ai zamani ya canza, yanzu da inji muke ban ruwa, mu ke da iko da ruwan. Ya ce, "Kana da ikon shigowatai. Fitatai fa?" Na yi dariya na ce ku dai ku sa mana albarka. Ya ce Allah Ya bada sa'a, ya wuce abinsa.

Abin ba rana ɗaya yake zuwa ba, shi ya sa yake yaudarar mutum. Shekara ta biyu bayan nan na fara ganin gefen yamma shinkafar ba ta haihuwa sosai, gajera, bakin ganyen ya ƙone kamar an bi shi da ashana, alhali ruwa na kwance a gindinta. Da muka yi girbi ƙasa ta bushe, wata safiya na zo na tarar saman kunyoyi ya yi fari fat kamar an barbaɗa garin rogo, in ka taka sai ka ji ƙuras-ƙuras. Na dangwala na sa a harshe, gishiri-gishiri da ɗan bauri. Na gani da idona, na ɗanɗana da bakina, amma ban haɗa shi da lambatu ba ko kaɗan.

Ga jerin shirmen da na tafka. Na ce yunwa ce ke damun shukar, na ƙara kamfa, na ƙara yuriya. Takin zamani kuwa in ya yi yawa shi ma ƙara wa ƙasa gishiri yake, kenan mai zawo na ɗura wa kanwa. Wani a majalisa ya ce in zuba toka, na kwaso buhu-buhu na watsa, ban tsaya na tuna cewa matanmu in babu kanwa ruwan toka suke tacewa su sa a miya ba, wato abu ɗaya suke yi. Sannan babban shirmen, na ji an ce ruwa na wanke gishiri, sai na sake wa inji wuta dare da rana. Maganar gaskiya ce ruwa na wanke gishiri, amma ka taɓa ganin wanda ya wanke kaya a baho ya bar su cikin ruwan daudar har rana ta shanye ruwan, sannan ya ce sun fita? Abin da na yi ta yi kenan. Ruwan bai da inda za shi, sai ya taru a ƙarƙashi ya yi ta hawowa, zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 ya zuƙe shi sama, ruwa ya tafi, gishiri ya zauna a inda saiwa take.

A 2020 ambaliya ta zo ta shanye gonakin Kebbi, har tawa da ba kasafai ruwa ke kai wa ba ta nutse, na yi asarar shinkafar damina gaba ɗaya. Amma ranin da ya biyo baya gonar ta yi kyau fiye da shekaru biyun baya. Gulbi ne ya yi min wanki kyauta, ni kuwa na ce ai sabon takin da na canza ne, har ina tallata shi ga mutane. Kafin shekara biyu farin nan ya dawo, ya ma ƙara faɗi.

Abin da ya tsayar da ni shi ne kuɗin fetur bayan cire tallafi a 2023. Da na zauna na yi lissafi na ga man da nake ƙonawa a gefen yamma ya fi shinkafar da yake ba ni, sai na nemo wani malamin gona na kai shi. Bai ko kalli shinkafar ba, cewa ya yi in kawo diga da shebur. Muka haƙa rami a gefen da ya lalace, wani kuma a gefen gabas mai lafiya, muka bar su suka kwana. Da safe ya zura kara. Na yamma ruwa ya taso bai fi kamu biyu ba tsakaninsa da baki, na gabas kuwa sai can ƙasa. Ya ce a ƙasar laka irin wannan da zafi irin namu, in ruwan ƙarƙashi bai yi nisan mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, hawowa yake ta ƙananan ƙofofin ƙasa kamar yadda kananzir ke bin lagwani, kuma da gishirinsa yake hawowa. Sai ya tambaye ni, da ina ruwan gonar nan yake fita? Na yi shiru, don a kan lambatun muke tsaye.

Ya yi min wani lissafi da har yau yake min yawo a kai. Akwai 'yar na'urar awon gishiri, lambar da take bayarwa dS/m ake rubuta ta. Ruwan da ya nuna 1, wanda in ka sha ba lallai ka ji komai ba, yana ɗauke da gishiri kamar miligiram 640 a lita. Shinkafar rani kuwa tana iya shan ruwa mai zurfin mita guda a kaka ɗaya, a hekta lita miliyan 10 kenan. Ka buga ka gani, tan 6 da ɗori, sama da buhu 120 na kilo 50. Ko rabin haka ruwanka yake, buhu 60 ne kake sauke wa gonar duk rani ba tare da ka ga mota ta shigo ba. In akwai mafita yana wucewa, in babu yana nan yana jiranka. A awon ƙasa kuma, in lambar ta wuce 4 ana lissafa ta cikin ƙasa mai gishiri, shinkafa tun daga 3 take fara raguwa, alkama tana jurewa har 6, albasa kuwa da 'yan Aliero ke taƙama da ita ba ta da juriya a nan, daga 1.2 take fara jin jiki. Na tuna shekarar da na ce bari in huta da shinkafa in gwada albasa a wurin, ko kuɗin iri ban mayar ba.

Wani abin da ban sani ba sai ranar, ciwon iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai ƙasar da gishiri ne kawai ya taru, tana shan ruwa lafiya lau, wannan ruwa mai kyau da mafita sun ishe ta. Akwai kuma mai kanwa, wadda sinadarin sodiyam ya manne wa lakar ya tarwatsa ta, in ta jiƙe ta yi santsi kamar sabulu, ruwa ya kwana uku a kai bai shige ba, in ta bushe ta yi tauri kamar daɓen siminti, wani lokaci ka ga baƙin tabo a sama kamar an zubar da baƙin mai. Gwajin da ya nuna min ko yaro zai iya. Ya ɗauki kofin gilashi ya zuba ruwa mai tsabta, na sama ya fi in akwai, ya ɗauko ɗan busasshen curin ƙasa kamar ƙwayar gyaɗa ya saka a hankali, ya ce kar in girgiza. Na gabas ya ruguje ya kwanta, ruwan garau. Na kusurwar yamma kafin mu gama shan shayi wani hazo ya kewaye shi kamar an ɗiga koko. Ya ce to wannan kanwa ce, ko gulbi ka juyo mata ba za ta wanku ba sai ka fara buɗe ta da jibsam. Jibsam ɗin nan da masu siminti ke amfani da shi, ana tono shi a jihar Sakkwato, kalsiyam ɗin cikinsa ne ke ture sodiyam daga jikin laka sannan ruwa ya tafi da shi. Kuma maganar tan-tan ce a hekta, ba mudu ba, shi ya sa kar ka saya da ka, ka kai ƙasa a auna maka tukuna, akwai masana ƙasa a Jami'ar Ɗanfodiyo, ko ka tambayi malaman gona na KARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Kebbi, su nuna maka hanya.

Gyaran kam na sha wuya. Farko muka tone lambatun, na ƙara masa zurfi ya wuce mita guda, fangali huɗun nan da na yi kwaɗayinsu suka tafi, har da na biyar. Muka ja ƙananan magudanai biyu ta tsakiyar gonar suna zubowa cikinsa. Farin ɓawon da ke sama muka kankare shi da shebur muka kwashe a baro muka kai nesa, da can juye shi nake da garma ya koma ciki, wani wautar kenan. Muka baje fangalan suka yi daidai, don duk inda ya yi tudu ruwa ba zai rufe shi ba kuma can gishirin zai gudu ya taru. Muka ɗaga kunyoyi, na zuba takin shanu da ɓuntu da karan shinkafar da na saba cinna wa wuta, kusurwar mai kanwa aka niƙa mata jibsam aka cuɗa da ƙasar sama.

Sai wankin. Ka'idar da aka ba ni ita ce, in kana so ka wanke ƙasa mai zurfin santimita 30, sai ruwa mai zurfin santimita 30 ya ratsa ta ya wuce, wannan zai tafi da kusan kashi 80 cikin 100 na gishirin. A hekta lita miliyan 3 kenan, ka ga ba wasan yara ba ne a wannan tsadar man. Kuma ba lokaci ɗaya ake ambaliya da shi ba, ka zuba kamar santimita 10, ka bari ya nutse, ka jira 'yan kwanaki, ka sake, hakan ya fi kwashe gishiri da ruwa kaɗan, musamman a lakar da ke tsattsagewa, don in ka sake shi gaba ɗaya ta tsagar zai bi ya wuce bai taɓa cikin curin ba. Kar ka yi shi a bazara, rana za ta raba ruwan da kai. Ni damina na jira, na toshe bakin fangalan ruwan sama ya zauna a ciki, shi ba gishiri gare shi ba kuma ba ka biya, na ƙarasa da inji lokacin sanyi. Ranar da na ga ruwa ya fara tsattsafowa ta bangon lambatun na ɗiba na taɓa a harshe, sai da na tofar.

Nan ma ku kula, ruwan lambatu ba na ban ruwa ba ne. Na kama wani yarona ya jefa tiyo a ciki wai ya fi kusa, saura kaɗan in mare shi, sai na tuna nawa laifin ya fi nasa. Kuma kar ka sake wa na ƙasa da kai, zalunci ne, ku zauna ku yi shawarar inda zai bi. In gonarka ba ta da gangara, a haƙa rami a ƙarshe ya taru a ja shi da inji a fitar. Duk ban ruwan da za ka yi daga baya ka ɗan ƙara kaɗan a kan abin da shuka ke sha, don rarar ta riƙa tura gishirin ƙasa, amma fa sai in mafita na aiki, in ba haka ba ka koma gidan jiya irina. Dashen ma na daina sa ƙananan 'ya'ya a gefen, nakan bari su ɗan ƙara kwana a bedin reno, don shinkafa tana ƙarama ne gishiri ya fi kayar da ita.

Yanzu kashi uku cikin huɗu na gefen yamma ya dawo, ba kamar zamanin Baba ba amma yana biyan kansa. Kusurwar mai kanwa har yau tana min gardama, a tsakiyarta akwai wani wuri kamar faɗin tabarma uku da ko ciyawa ba ta son fitowa, bana zan sake kai ƙasarta awo. Na bar ramin nan na yamma ban cike ba, na sa masa bututu da murfi, duk Juma'a nake zura kara in ga inda ruwa ya tsaya.

Da na je neman izinin Kawu don ruwan ya sake bi ta gefensa, na yi ta kwana-kwana ina kame-kame, ya bar ni sai da na gama sannan ya ce, "To ai nawa ɓangaren ma ya cike, shekara shidda ba ruwan da ya bi ta nan, yashi da ciyawa sun rufe shi. Wa za ya gina?" Na ce ni ne Kawu. Ya ce da abincin ma'aikata. Na ce da abincin ma'aikata. Tun daga lokacin yashe lambatun nan daga gonata har bakin kwari a wuyana yake duk shekara kafin ruwa ya sauka, na bana ma jibi za mu shiga, kuma har yanzu shebur biyu nake nema aro.