Sati na bakwai: shirwa a bakin wuta

'Yan uwa masu koyon kallon tsuntsaye, barkanmu da war haka. Wannan satin ban yi nisa ba, bayan gari kawai na zaga ranar Asabar inda mafarauta suka cinna wa ciyawa wuta, ga hunturu ya busar da komai ƙayau. Kafin ma in gama zaro madubin hange daga jaka shirwa sun cika sama, na ƙirga har 14 sai lissafi ya kwance min na haƙura.

Ni duk a sanina shirwa ɗan tsako take sura, ko ta yi ta shawagi a kan mahauta, ashe gobarar daji ma gidan biki ce a wurinta. Fara na ta tashi tana gudun wuta, ita kuma tana bin gefen hayaƙi, ta zubo ta cafke guda da ƙafa, kuma fa ba ta sauka ƙasa, sai ta lanƙwaso kai ta miƙo ƙafar baki tana ci tana tafiya a iska, wutsiyar nan mai baki biyu tana ta murɗawa kamar sitiyari. Da can fukafukai nake bi da ido shi ya sa ban taɓa lura ba. Dan Allah in kun samu irin wannan ku sa madubin a kan ƙafafu.

Wautar da na tafka kuwa, na tsaya ta inda iska ke kaɗo hayaƙi. Ido ya yi jawur, toka ta rufe gilashi, na goge da gefen riga, yanzu ga ɗan karce nan a na hagu. Ku dai tsaya iska na bayanku.

Da na ba wani yayanmu a harkar labari sai ya ce ai wannan kaɗan na gani. A arewacin Ostireliya 'yan asalin ƙasar sun daɗe suna cewa shirwa na ɗaukar itace mai ci da wuta ta jefa a busasshiyar ciyawa can gaba don sabuwar gobara ta koro mata abinci, har wani mai bincike Mark Bonta da abokan aikinsa suka tattara bayanan waɗanda suka gani suka wallafa a 2017. Tamu dai ta ranar Asabar ba ta taɓa ko tsinke ba, na sa ido sosai wallahi, fara kawai ta sa a gaba.

Saura shahon nan mai ruwan toka da fuska rawaya, wanda ƙafarsa ke lanƙwasa gaba da baya, yana reto a jikin sheƙar marai kai ƙasa yana zaro 'ya'ya, har kwakwar manja yake ci. Shi na sa a gaba sati mai zuwa, akwai wata bishiya a bakin rafi da marai suka cika da sheƙa, da asuba zan je in zauna.