Wayar Gwaggo a bakin zani

Tun ina makarantar allo gwaggona take sayar da koko da ƙosai a bakin titi a Aboabo, nan Kumasi. Wayarta 'yar ƙarama ce mai maɓalli, an ɗaure murfin da roba, kuma a bakin zani take ƙulle ta, inda a da take ƙulle ciniki. Ba ta yi boko ba, amma ta haddace inda ake dannawa. Da ita take biyan mai gero a Techiman, da ita take aika wa autanta kuɗin makaranta a Tamale.

Tun da MTN ta kawo MoMo, wato aika kuɗi ta waya, Ghana a 2009, ban ga abin da ya sauƙaƙa wa matan Zango kamarsa ba. A da sai ka danƙa wa direba kuɗi a ambulan, ka kwana kana addu'a. A 2018 aka haɗa layukan kamfanoni, kuɗi suka riƙa tsallakawa daga wannan layi zuwa wancan. A nan kam gwamnati ta kyauta.

Sai ga watan Mayun 2022, aka ɗora harajin E-levy, kashi 1.5 cikin ɗari kan duk abin da ka tura da ya haura sidi 100 a rana. Na tarar da ita tana jiƙa wake, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ɗan nan, ni da ribata ba ta taka kara ta karya ba, a nan ma sai sun yaga?" Attajirin Adum, unguwar manyan 'yan kasuwa a Kumasi, da ke biya da cakin banki, harajin bai taɓa shi ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Waya ta kai hannun talaka, sai hukuma ta bi shi ta nan ɗin.

Haka ma sabunta rajistar layi da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. 'Yan mata masu dako a kasuwar Kejetia, waɗanda yini guda a layin rajista yake nufin kwana da yunwa, su na fi tausaya wa da aka fara toshe layuka a 2022.

An rage harajin zuwa kashi 1 a 2023, Shugaba Mahama ya soke shi a Afrilun 2025. Duk tsawon shekaru ukun nan Gwaggo ta koma ba yaron mota kuɗin gero a hannu, sau ɗaya ma kuɗin suka bi ruwa. Sai da mai geron da kansa ya kira ta ya rantse an daina cira, sannan ta kwance bakin zani.