Cajar Amurka a wutar NEPA: abin da na koya a shagon gyara

Kayan aikin hannu masu batir, irin su injin huda da na yanka, sun cika hannun kafintoci da masu aikin silin a Kano. Da yawa na gwanjo ne daga Amurka: DeWalt, Milwaukee, Makita, Ryobi. Injin lafiya lau yake zuwa, batirin ma haka. Cajar ce ke ƙarewa a teburinmu tana warin ƙuna, mai ita yana cewa, "Wallahi Malam, jonawa kawai na yi, sai na ji fas!"

Wutar gida a Amurka 120V ce, tamu kuwa 230V. Waya da kwamfuta sun sangarta mu, domin cajarsu an rubuta mata 100-240V, duk ƙasar da ka je jonawa za ka yi. Cajar kayan aiki ta Amurka galibi 120V kaɗai take ɗauka, kuma a rubuce yake a ƙasanta. Abin takaici, soket ɗin nan mai cin kowane irin kai yana karɓar fulogin Amurka ba musu, sai mutum ya ɗauka tunda ya shiga ai daidai ne. Idan an yi sa'a, fis ne ya tsinke da ɗan abin kariyar da ke bayansa, mu canja a wuce wurin. In ba a yi ba, kafasito, ɗan abin da ke tara wuta a ciki, ya fashe, allon cajar ya tafi.

Maganin da kowa ya sani shi ne taransifoma mai rage wuta. Abin da maigidana ya fi nanata mana muna yaran shago shi ne cewa rabawa biyu kawai take yi, ba ta gyara komai. Ka ba ta 240 ta ba ka 120. Wuta ta zo 170, kamar yadda take zuwa unguwanninmu da daddare, ta miƙa maka 85, caja ta yi ta ƙyafta ido ba ta cika batir. Ƙaramin janareto ya yi tsalle zuwa 270, ita ma ta miƙa 135 ba ruwanta. Shi ya sa nake son a sa sitabilaiza a gaba. Wasu sitabilaizar ma da ramin 110V suke zuwa, wato na kayan Amurka masu 120V, sai dai a gwada da mitar awon wuta tukuna, kuma a duba nauyin da ramin ke iya ɗauka.

Girman taransifomar da za ka saya kuma lissafi ne mai sauƙi. Cajar da aka rubuta wa 120V da 2A, ka ninka su, 240W ke nan. Sayi taransifoma ta 500W. Lambar da ke jikin kwali ba koyaushe take gaskiya ba, don haka ni ɗagawa nake yi in ji a hannu. Taransifoma ƙarfe ce da waya, wadda aka ce 1000 ce amma yaro na iya wasa da ita da hannu ɗaya, to a bar wa mai shago kayansa.

Akwai wata 'yar na'ura ta matafiya da nake tsoro fiye da rashin taransifomar. Ba ta fi sabulu girma ba, amma an rubuta mata 1600W. Babu naɗin waya na kirki a cikinta, guntule wutar take yi, an yi ta ne don abin da aikinsa zafi kawai, kamar ƙarfen guga. Caja kuwa kashe ta take yi.

Masu ɗan karatu kan tambaye ni batun 60Hz na Amurka da 50Hz namu, wato yawan kai-komon da wuta ke yi a daƙiƙa ɗaya. Taransifoma ba ta canja wannan. Amma cajojin zamani sukan fara mayar da wutar zuwa DC, wato irin wutar batir, kafin komai, don haka bambancin bai cika damunsu ba. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne yawancin waɗannan taransifomomin naɗi ɗaya ne da su, ɓangaren 110 bai rabu da wutar bango ba. Kada wani ya ce ai ƙaramar wuta ce ya taɓa. Wayar ƙasa, wato earth, dole ce.

Yanzu idan kafinta ya zo, nakan fara tambayarsa inda yake aiki. Mai zama shago ya kafa taransifomarsa a bango, ya yi wa soket ɗin jan fenti saboda yara. Mai yawon gine-gine kuwa nakan ce, "Alhaji, wannan nauyin ba za ka jure ɗaukarsa ba, wata rana yaronka zai manta da ita a gida ya jona kai tsaye." Batirin DeWalt da ake rubuta wa 20V Max a Amurka shi ne 18V XR na Turai, M18 na Milwaukee ma ɗaya ne a can da nan. Sai ya nemi cajar da aka yi wa Ingila, mai 230V da kai mai ƙafa uku irin namu, ya ci gaba da amfani da batiransa.