Ku bari kiɗan ya kai ƙarshe tukuna

Ɗan ƙanwata ya zo da waya a hannu, wai yana kwatanta faya-fayan Simfoni ta Tara, dogon kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa mai kashi huɗu, wanda Gustav Mahler ya tsara. Ya ɗanɗana wannan, ya dangwala ya koma wancan, kafin shayi ya huce ya yanke hukunci: na jagoran makaɗa Karajan na 1982 ya fi. Na ce, "Kai, ka ji ƙarshensa?" Ya ce, "Kawu, ai ya yi tsawo."

Raina ya ɓaci, domin hanyar da na bi ke nan. Da ƙuruciyata littafi gare ni, ina rubuta mintocin kowane kashi. Kashi na huɗu, mai tafiyar hawainiya, jagoran makaɗa Bruno Walter ya gama shi cikin minti 18 da ɗoriya a 1938, wani jagoran, Bernstein, kuwa ya ja shi kusan minti 30 a Amsterdam a 1985. Sai na ce mai jinkirin ya fi zurfi, na ajiye na Walter ya sha ƙura. Wai gaggawa, wai faifan na shuu. Ban damu ba cewa Walter almajirin Mahler ne, shi ya fara jagorantar kiɗan nan a 1912, shekara guda bayan rasuwar maigidansa. An naɗi faifan Walter a Biyana, babban birnin Ostiriya, a watan Janairun 1938, a Maris Hitler ya mamaye Ostiriya, aka kori makaɗa Yahudawa daga ƙungiyar da ta yi kiɗan faifan. Gaggawar mutanen da ƙasa ke zame wa ce nake ji, na kira ta aibi.

To amma wa zai nuna min a lokacin? Faifai da tsada, kuma kwatancen nan shi ya wasa min kunne, wannan ba zan musa ba. Duk da haka, na Bernstein na Balin a 1979 ma na yi watsi da shi, don masu busa manyan ƙahonin tagulla sun kasa shigowa a ƙololuwar kashin ƙarshe. Kuskure ɗaya ya rufe min ido.

Ku zaɓi faifai ɗaya, ku zauna da shi daga farko har gogen ƙarshe ya ɓace, sau da yawa. Ku manta da kwatance. A'a, kada ku manta gaba ɗaya, dole ku ji na Walter, ko da shuu ɗin. Amma don Allah ku kife wayar nan. Komai na duniya yana hannunku kyauta, zaman awa ɗaya da rabi ya gagare ku! Kuma da abin kunne guda ɗaya ba a jin Mahler.